Ruwan da Na Hana Yaya Mariyama Ɗauka

Assalamu alaikum, Ummi.

Ina gaishe ki da kyau, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ya tsare ki a garin da na kawo ki, ya sa ki saba da shi cikin sauƙi. Da hantsi nake rubutawa a masaukina na Sanyuanli. An gama ɗaure kaya, gobe in Allah ya yarda zan kama hanyar Kano. Zan bar wasiƙar wajen matar da ke kula da ɗakunan kwananku a Tianhe, tare da ƙunshin da kika ƙi karɓa jiya.

Da kika ce min ranar Asabar za a kai sababbin ɗalibai wurin wasannin nan na bayan gari, inda ake hawa lilo da jiragen wasa, kin ga na tsaya a shago na saya miki gorar ruwa ta ƙarfe. Kika yi dariya, kika ce ke ba 'yar firamare ba ce da za a rataya wa gora. Na yi shiru ne saboda abokan karatunki suna tsaye, kuma maganar ba ta tsaye ba ce. Labari zan ba ki na abin da na aikata a garin nan shekara biyu da suka wuce. Ki karanta har ƙarshe, sannan ki yi abin da kika ga ya dace da gorar.

Kin san Inna Mariyama ta Damagaram, wadda takan kawo muku cuku da dabino kuna ƙanana. Ni Yaya nake ce mata, don ta girme ni da kusan shekara goma, kuma ita ta sa ni a hanyar fatauci. Ita ta koya min duba yadi a hasken rana maimakon hasken shago, ita ta fara kawo ni Guangzhou. Tana da ciwon suga tun da daɗewa, amma tana kula da kanta, ba ta rabuwa da ruwa.

Zuwanmu na wancan karon ya faɗo a tsakiyar zafinsu, 'yan makonni bayan an mayar musu da Hongkong, gari duk tutoci. Mun sayi yadin labule a Liwan wajen wata mai shago da muke kira Madam Lu, sai ta ce kayan ba za su haɗu ba sai bayan kwana huɗu. Don kada mu zauna a ɗaki, ta kawo mana tikitin wani babban wurin wasa, ta rubuta adireshin a takarda don mu nuna wa direban tasi. Ta kuma ba kowaccenmu kwalba mai murfin murɗawa da igiyar riƙewa, irin wadda kike ganin direbobi da masu shago suna yawo da ita da ganyen shayi a ciki. Da ɗan Turancin da take ji da nuni da hannu ta fahimtar da mu cewa mu cika su kafin mu fita, mu riƙa kurɓa, in sun ƙare akwai inda ake ƙara ruwa a can.

Na karɓa na yi godiya, amma a raina na rena maganar. Na ce mu da muka tashi a Kano da Damagaram, muke azumi a tsakiyar bazara, wane zafi za a nuna mana a nan? Ban san zafin nan daban yake ba. Namu yana ƙona fata, ki gudu inuwa ki sami sauƙi. Nasu kuwa danshi ne da shi, iska ba ta ɗauke gumi, inuwa ma ba ta da sanyi. Jiki yana ta zubar da ruwa kamar an matse tsumma, ke kuma ba ki lissafa shi, kina cewa ai gumi ne kawai. Don haka kada ki auna garin nan da abin da kika sani a gida. Idan kin ga mutanen gari, tsoho da yaro, kowa yana riƙe da abu ɗaya, ki ɗauka akwai dalili tun kafin ki gane dalilin.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Kwana biyu kafin nan na shiga bayin kasuwa, na tarar babu buta, ƙofofin kuma rabi ne. Na fito ban yi abin da ya kai ni ba. Tun daga ranar na yanke wa kaina cewa in zan fita ba zan sha ruwa ba, don kada fitsari ya kama ni a waje. Mata da yawa suna yin haka, a nan da gida, ba mai faɗa. Ke ma na lura da ke a jirgi, awa nawa ba ki sha komai ba, na san dalili. Ki daina. Ki sa ƙaramar roba daban a jaka don tsarki da alwala, ki shiga bayin da kika samu, ki rufe abin da zai rufu, ki fito. Kunyar minti biyu ce, ba kuma wanda ya san ki.

Da a kaina kaɗai na tsaya da sauƙi. Safiyar ranar na ci ado da sabon leshi, na ɗauki ƙaramar jaka, don na ji ana ɗaukar hoto a wurin kuma ina son in kai muku. Na juya sai na ga Yaya Mariyama ta cika kwalbarta tana ɗaura igiyar a hannu. Na yi mata dariya, na ce za ta ɓata mana hoto, ta zama kamar direban mota. Ta ce min ita saboda sugarta ba ta iya nisa da buteli, haka suke ce wa kwalba a can wajensu. Na ce wurin da ake tara dubban mutane ai ba a rasa abin sha, in kuma ta cika cikinta da ruwa ni ba zan yini ina raka ta neman bayi ba. Ta dube ni, ta kwance igiyar, ta ajiye kwalbar a kan tebur.

Ummi, ki riƙe wannan ko da kin manta sauran. Idan mutum ya ce miki jikinsa na buƙatar abu, kada ki mayar da shi abin wasa. Kuma in ke ce aka yi wa dariyar, ki bari a yi, ki riƙe abinki.

Wurin yana da girma fiye da yadda na zata. An kwaikwayi gine-ginen ƙasashe daban-daban, daga wannan zuwa wancan tafiya ce mai nisa a kan siminti. Bishiyoyin sababbin dasawa ne, inuwarsu ba ta wuce faɗin tabarmar salla ba. Akwai wata ƙatuwar ƙafa kamar ta keke da ke juyawa da mutane zuwa sama, akwai jirgin da ke gudu a kan dogo mai lanƙwasa, akwai kwale-kwale a tafki. Komai sai an bi layi. Mun isa wajen ƙarfe goma, muka yi ta yawo, muka ɗauki hotuna, muka yi dariya sosai. Ba zan ɓoye miki ba, wurin yana da daɗi, kuma daɗin ne ke sa mutum ya manta da jikinsa. A kasuwa kina gajiya ki zauna. A wurin wasa kuwa kullum akwai wani abin a gaba da kike son ki gani kafin ki huta.

Kafin azahar Yaya ta ce kanta na ciwo. Na ce rana ce, ta ja mayafi. Can ta ce ƙishirwa take ji. Muka je wata rumfa, na duba ban ga ruwa ba sai lemon kwalba. Na saya mana biyu. Ta ce zaƙin zai yi mata yawa, na ce ɗaya ba zai yi komai ba. Ta sha rabi don dole. Ni na shanye nawa, bayan ɗan lokaci na ji ƙishirwar ta dawo fiye da da, bakina yana danƙo. Lemo ba ruwa ba ne, ki sha shi don marmari in kina so, amma kada ki lissafa shi cikin ruwan da kika sha. Lokacin salla ya yi, ko ruwan alwala ba mu da shi, sai taimama muka yi a bayan wani gini. A nan ya kamata in ce mu koma masauki. Maimakon haka na ce mu hau ƙafar nan mai juyawa tukuna, don daga sama ana ganin gari duka.

Layin ya kai minti arba'in, babu rumfa. Ina gaba, tana bayana. Na yi mata magana sau biyu tana amsawa da ƙyar. A na uku ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu, ta tambaye ni ko an kai wa awaki dusa. Na juya. Leɓenta ya bushe ya yi fari, idonta ya faɗa, kuma abin da ya fi ba ni tsoro daga baya da na fahimce shi, duk jama'a suna ta gumi ita fuskarta a bushe take. Kafin in riƙe ta ta sulale ƙasa.

Ki san alamomin nan, ke da za ki karanta likitanci za a koya miki su da manyan sunaye, amma ni ga yadda na gan su: ciwon kai, jiri, bushewar baki, fitsari kaɗan mai duhu kamar shayi, sannan magana ta fara rikicewa. Kada ki jira ƙishirwa kafin ki sha, don in ta zo an riga an makara kaɗan. Ki riƙa kurɓa duk lokacin da kika shiga layi da lokacin da kika fito. Ki kuma riƙa duban fuskar wadda kuke tare, ba abin da ke gabanki kaɗai ba. Ni minti arba'in na ba ta baya.

Mutane suka taru, wasu suka ɗaga lemarsu suka yi mata inuwa. Na tashi da gudu na koma rumfar lemo ina cewa ruwa da Hausa, ina cewa da Turanci, ina nuna baki. Mai rumfar ya miƙo min lemo, na girgiza kai, ya ce meyo, wato babu. Na je ta biyu, nan ma meyo. Zuwana garin nan na uku ke nan, na iya gaisuwa, na iya godiya, na iya ce wa lawban, wato mai shago, ya rage, amma ban taɓa tambayar yadda ake cewa ruwa ba. Sunansa shwai. Tafasasshe kuma kai shwai. Ki haddace su yau, ki sa a rubuta miki su da rubutunsu a takarda, ki ajiye a jaka tare da sunan makarantarku.

Na dawo hannu wofi, na tarar wata tsohuwa mai shara ta ajiye tsintsiyarta ta durƙusa. Ta ɗaga kan Yaya ta ɗora a cinyarta, ta sassauta mata ɗankwali, ta jiƙa ƙyalle tana goga mata a wuya. Da Yaya ta buɗe ido, tsohuwar ta kwance wata kwalba daga ƙugunta. Kwalbar ta tsufa, cikinta ya yi ja da shayi, murfin an ɗaure shi da roba. Ta kai bakin Yaya, ni kuma na riƙe hannunta. Na riƙe hannun matar da ke ƙoƙarin ceton 'yar'uwata, saboda ƙyama, saboda ban san me ke ciki ba, saboda bakinta ya taɓa kwalbar. Ta dube ni, ta kurɓa da kanta don in gani, ta ce kai shwai, ta ture hannuna a hankali. Ta riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, tana jira tsakanin kowane kurɓi. Da ya ƙare ta miƙa min kwalbar ta nuna min wani ɗan ɗaki kusa da bayi. Na je na tarar da tankin tafasasshen ruwa da famfo, mutane suna cika kwalabensu kyauta, har da wani tulun na wanda ya huce. Sau uku muka wuce ta gaban ɗakin nan a ranar. Ruwa yana nan, abin zubawa ne ba mu da shi.

Har yau in na tuna hannun da na riƙe sai in ji nauyi. Ban san sunanta ba, ko godiyar kirki ban yi mata ba, domin ma'aikatan wurin sun zo da kujera mai taya muka wuce asibiti. Ki yi taka-tsantsan da abin da za ki ci a garin nan, wannan wajibi ne, ki tambaya kafin ki kai baki. Amma kada taka-tsantsan ya zama raini. Duk wurin da kika shiga kuma, kafin ki nemi inda ake wasa, ki fara gano inda ake ɗibar ruwa da inda bayi yake da inda inuwa take.

A asibiti aka yi mata ƙarin ruwa. Madam Lu ta rufe shagonta ta zo ta yi mana tafinta. Likitan ya ce zafi da rashin ruwa sun haɗu da sugar, ƙodarta ta wahala, sai an riƙe ta. Kwana shida muka yi. Madam Lu ba ta taɓa tambayata ina kwalaben da ta ba mu ba. Da ta je masauki ɗauko mana kaya ta gan su a kan tebur, ɗaya cike ɗaya ko wankewa ba a yi ba. Ta kawo su ta ajiye a gefen gado kawai.

A kwanakin nan na sake yin wata wautar. Tsoro ya sa na koma shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, amma kunyar kwalbar Madam Lu ta hana ni taɓa ta. Sai na sami robar ruwan sayarwa da ta ƙare, ina cika ta a famfon bayi, ina yawo da ita cikin zafi, kwana uku ban wanke ba. Rana ta huɗu gudawa ta kama ni, mai jinya ta koma abar jinya. Wata nas ta kama hannuna ta kai ni ƙarshen baranda, ta nuna min tanki irin wancan, ta ɗauki robata ta jefa a kwandon shara. A garin nan ba a shan ruwan famfo sai an tafasa, su kansu ba sa sha. Shi ya sa na zaɓa miki ta ƙarfe, tana ɗaukar ruwan zafi ba ta narkewa, tana da faɗin baki yadda za ki iya wanke cikinta. A ɗakunan kwananku na ga tanki a ƙasan bene. Ki cika tun da safe ki bar shi ya huce. Kullum in kin dawo ki zubar da ragowar, ki wanke da sabulu har murfin da robar da ke cikinsa, don nan datti ke maƙalewa, ki kife ta ta bushe. In kin yi gumi da yawa ki jefa ɗan gishiri kaɗan, ko ki ci wani abu mai gishiri. Kada ki zuba madara ko lemo a ciki ki manta.

Muka koma gida da kayanmu. Yaya Mariyama ta tashi, tana tafiya, tana harkokinta, amma ƙodar ba ta koma yadda take ba. Likitocin can gida suka hana ta doguwar tafiya. Matar da ta yi shekara ashirin tana fatauci, yanzu tana zaune a tsakar gida, sai dai ta ba da saƙo a sayo mata. Da na raka ta Damagaram 'ya'yanta suka tambaye ni abin da ya faru, na ce zazzaɓi ne ya kama ta a can. Tana kwance tana jina, ba ta ƙaryata ni ba. Haka na faɗa wa Babanki, haka na faɗa muku. Shekara guda na yi ina aika mata turare da atamfa, ban iya zuwa ba.

Bara bayan ƙaramar salla na daure na je. Na same ta a ƙarƙashin darbejiya tana tsince wake. Muka gaisa, muka yi hirar kasuwa, na ga yamma na yi, na ce mata ni na zo ne neman gafara, don ni na sa ta ajiye ruwanta, ni na tsayar da ita a layi, kuma na yi wa 'ya'yanta ƙarya. Ta ci gaba da tsintar wakenta har na zaci ba ta ji ba. Can ta ce:

“Saratu, ke magana kika yi, ni kuwa da hannuna na ajiye butelin. Na san jikina shekara da shekaru, amma na ji kunyar ƙanwata ta yi min dariya. Na yafe miki tun muna asibiti. Kaina ne na daɗe ban yafe wa ba.”

Ta tura min tiren waken ta ce in taya ta, muka tsince shi tare har aka kira magariba.

Watan jiya da na aika mata cewa kin sami gurbin karatu a nan, ta sa ɗanta ya rubuto min amsa. Ta sa miki albarka mai yawa. A ƙarshe ta ce in gaya miki abin da ya same ta yadda ya faru, kada in ce zazzaɓi. Na so in faɗa miki da baki a jirgi, na so a masauki, na kasa. Ga shi na rubuta. In na isa gida Babanki ma zan zaunar da shi in gaya masa.

Ban hana ki zuwa wurin wasa ba. Ki je, ki hau duk abin da zuciyarki za ta iya ɗauka, ki sa tufafi marasa nauyi, ki ɗauki hoto ki aiko mana. In kin sami sarari ki rubuta wa Inna Mariyama, ki ba ta labarin yadda garin yake daga sama, don ita ba ta samu ta gani ba.

Allah ya tsare min ke a fitarki da shigarki, ya kare ki daga ciwo da mugun abokin tafiya, ya haɗa ki da masu tausayi a inda ba ki san kowa ba. Allah ya buɗa miki karatu, ya ba ki lafiyar yin sa, ya dawo mana da ke cikin aminci. Ki riƙe salla a kan lokaci. Na yafe miki duk abin da kika yi min, wanda na sani da wanda ban sani ba, ke ma ki yafe min.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Saratu